Ranar da Na Rage wa Gwaggo Zafin Ruwa

A shekarar da aka haifi 'yarmu ta fari ina shekara ta uku a karatun digirin digirgir a Manchester, kuma wani Bajamushe ya riga ya gama da ni. Ban taɓa ganinsa ba, rubuce-rubucensa kawai na sani. Masanin kimiyya ne da ya kwashe shekaru yana nanata magana ɗaya: duniya ta daɗe tana fafutukar ganin ma'aikaci ɗaya ya yi aikin mutane da yawa, amma ba wanda ya damu bokitin ruwa ɗaya ko buhun gawayi ɗaya ya yi aikin biyu. A ganinsa ƙasa za ta iya bunƙasa, mutane su ji daɗi fiye da yadda suke ji, ba tare da an ci gaba da wawure ruwa da itace da ma'adinai ba, in dai za a koyi tatsar amfani mai yawa daga kaya kaɗan. Kundin digirina a kan haka yake, yadda za a gwada maganarsa a masana'antun fata na Kano. Har yau ina ganin gaskiya ya faɗa. Kuskurena shi ne ban bar shi a laburare ba, gida na taho da shi.

Na yi wa butar dafa shayi alama da jan alƙalami, iyakar ruwan kofi biyu. Ruwan alwalata na mayar da shi rabin buta, na kuma samo hujja a addini, wadda gaskiya ce, amma Allah ya sani ba don ita na fara ba. Ina bin matata ɗaki-ɗaki ina kashe fitila, har akwai ranar da na kashe tana cikin banɗaki. Ita ta raɗa masa suna Bajamushenka, kuma duk lokacin da ta ga na tsaya ina harara tukunyar da ba murfi sai ta ce in na je makaranta in gaishe shi. Ba rowa ba ce, ina so a fahimci wannan, domin gas da lantarki duk suna cikin hayar gidan, mu ƙona ko kada mu ƙona ba abin da ya shafi aljihuna. Aƙida ce kawai ta kama ni, kuma na lura marowaci ya fi mai aƙida sauƙin zama, don shi aƙalla yana jin kunya.

Muna zaune a Fallowfield, ɗaki ɗaya da falo a saman bene, a unguwar da kowa ɗalibi ne kuma ba wanda ya san maƙwabcinsa. Matata ta biyo ni ne bayan shekara guda da aurenmu, ta bar aikin koyarwa a Kano. Mahaifiyarta ta rasu tun tana aji ɗaya a sakandare. A gida, mace in ta yi haihuwar fari gidansu take komawa, a yi mata wankan jego na kwana arba'in, safe da yamma da ruwan zafi, a dama mata kunu, a yi mata farfesu, ba ta taɓa komai sai jaririnta. Mu kuwa ba gidan komawa. Abin da muke da shi a duk faɗin Ingila shi ne ƙanwar mahaifinta, Gwaggo, wadda ta fi shekara ashirin a Birmingham tare da mijinta Alhaji, injiniyan ruwa da ya yi ritaya. Tun cikin yana wata biyar Gwaggo ta yi waya ta ce kwana arba'in ɗin nan nata ne, kada a nemi kowa. Matata ta ajiye wayar ta yi kuka mai isarta, sannan ta ce yanzu hankalinta ya kwanta.

Haihuwar ta zo a tsakiyar hunturu, kuma naƙudar ta yi tsawo. Ranar da aka sallame mu daga asibiti Alhaji ya kawo Gwaggo a mota, muka yi sawu huɗu ni da shi kafin mu gama hawa da kayanta. Akwai bokitai biyu, kujera 'yar tsuguno, busasshen ganyen darbejiya cike da leda, gero, tsamiya, yaji, daddawa, da turaren wutan da ya tayar da ƙararrawar hayaƙi tun a ranar farko. Ta shige ɗaki wurin mai jego, ni kuma aka ba ni doguwar kujerar falo da bargo ɗaya. Ranar farko ta kira ni angon ƙarni, daga nan ta koma kira na Dakta, ko da yake ta fi kowa sanin ban gama ba.

Tsakanina da ita akwai kunya, domin suruka ce, uwar matata ce a kowane lissafi. Da safe zan durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe ta, idona a kan kafet. In tana son wani abu ba za ta ce mini in sayo ba, sai ta gaya wa jaririyar cewa albasa ta ƙare a gidan nan, ni kuma in ɗauki rigar sanyi in fita. In ni ke da magana sai in gaya wa matata da ɗan ƙarfi yadda za a jiyo daga kicin. Haka muka riƙa gudanar da gida, kuma yana tafiya lafiya lau.

Wankan kuwa ba irin na dā ba ne da ake gasa mace har ta fita hayyacinta. Gwaggo ta daɗe a Turai, ta yar da kwanciya a kan gadon wuta, ta rage kanwa, kuma tana sirka ruwan ta gwada da gwiwar hannu kafin ya taɓa jikin kowa. Amma tana son ya fito daga famfo yana tururi, ta cika bokitan nan biyu, ta jiƙa ganye, ta bar famfon yana tsiyaya don ta riƙa ƙarawa. Su shiga su rufe ƙofa. Tukunyar gas da ke dumama ruwan gidan, wadda ake kira boila, tana cikin wani kabad a kicin, kuma daga lokacin za ta fara ruri sai ta kusa awa guda ba ta numfasa ba. Tagogi su yi ta zubar da gumi. Ni ina falo da jaririya a kafaɗa, Bajamushe a buɗe a kan gwiwata, ina karanta yadda za a ceci duniya ina jin ana ƙona ta ta bayan bango. Na fara ƙirga bokitai. Ta cikin ƙofar nakan jiyo muryar Gwaggo ƙasa-ƙasa ba tsayawa, wani lokaci kuma in ji kamar shessheƙa, sai na ɗauka zafin ruwa ne.

Ya kamata in faɗi halin da matata ke ciki, ko da yake a lokacin ban ba shi muhimmancin da ya dace ba. Mace ce mai surutu, irin wadda ke ba da labari tana wanke baki. Tun da muka dawo daga asibiti sai ta yi shiru. Za ta shayar da yarinyar ta kwantar da ita, ta zauna ta zuba wa taga ido, alhali ba abin gani sai bayan wani gida da kwandunan shara. Amma in ta fito daga wanka, idanunta jajur, sai ta shanye kofin kunu, ta ci nama, har ta ɗan tsokane ni a kan yadda nake riƙe jaririya kamar an ba ni ajiyar ƙwai. Na ga wannan duka da idona, na kuma ce a raina ruwan ɗumi na sa cin abinci.

Bayan suna da kwana ɗaya na samu matata ita kaɗai, na yi mata bayani a natse. Na ce ba na adawa da al'ada, amma ana iya samun amfani iri ɗaya da rabin ruwan da rabin zafin, tunda ma Gwaggo sirkawa take yi da na sanyi, wato muna dafa ruwa ne don mu huce shi. Na kawo mata misalin masana'antun fata. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗago daga kallon jaririyar ba.

"Ga ta can a kicin," ta ce. "Je ka gaya mata da bakinka."

Ta san ba zan iya ba. Mutumin da bai iya cewa surukarsa ta miƙo gishiri ba, ina zai iya cewa ta rage wanka? Sai na nemo hanyar da nake ganin ta fi kowace ladabi. A jikin boilar akwai wani maɓalli da ake murɗawa, shi ke ƙayyade zafin ruwan famfo, yana can kusa da ƙarshe. Da Gwaggo ta tayar da sallar azahar na lallaɓa kicin na murɗa shi baya kaɗan. Washegari na ƙara kaɗan, jibi ma haka, har ya zo tsakiya. Tsarina shi ne sauyin ya tafi a hankali yadda jiki zai saba ba wanda ya lura, ba a ɓata wa kowa rai ba, ba a yi wa babba musu ba. Na ji daɗin kaina ƙwarai, har na yi tunanin ko akwai inda zan saka wannan dabara a kundina.

Ranar farko Gwaggo ba ta ce komai ba. Rana ta biyu na ga tana dafa ruwa a butar shayi tana kaiwa banɗaki, sau uku, kuma ta wuce jan layina nesa ba kusa ba. Wankan ya ragu zuwa kamar minti ashirin, wanda na ɗauka nasara ce. Rana ta uku ina zaune a falo na hango ta ta buɗe kabad ɗin, ta ɗauko tabarau ta saka, ta tsaya tana duban boilar kamar mai karanta wasiƙa. Ba ta taɓa komai ba. Ta rufe kabad, ta cire tabarau, ta ɗora tukunya. A ranar ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, abincin da ta san na fi so, ta kuma cika mini kwano da nama har na rasa inda zan fara sa hannu.

Washegari, kwana na goma sha biyu da haihuwa, na idar da sallar asuba na tarar da jakarta a bakin ƙofa. Ta gaya wa jaririyar cewa kakanta Alhaji ba ya cin abincin kirki tun da ta taho, gyambon cikinsa ya tashi, dole ta je ta duba shi. Matata ta juya fuskarta bango. Na ɗauki jakar muka hau bas, muka bi Oxford Road cikin cunkoson ɗalibai da ma'aikatan asibiti har tashar jirgin ƙasa, ita a kujerar gaba ni a tsaye a bayanta. Da jirgin ya iso ta juyo, karo na farko da ta yi mini magana kai tsaye.

"Dakta, an gode da ɗawainiya. Allah ya raya. A yafe mana abin da muka ɓata."

"Haba Gwaggo, ba komai," na ce.

Ba komai na ce, da bakina, wato na yarda an ɓata ɗin amma na yafe. A hanyar komawa ina ta tausayin Alhaji da gyambon cikinsa. Na isa gida na rubuta shafi biyu masu kyau.

Na ɗauka zan iya cike gurbin. Na dama kunu ya yi gudaji, na sake damawa. Da yamma na tara ruwa mai ɗumi daidai gwargwado, bokiti ɗaya, na jefa ganyen darbejiya, na ce wanka ya haɗu. Matata ta ce to. Ruwan ya huce a wurin. Washegari ma haka. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka a gabana ba, tana shayar da yarinyar a kan lokaci, amma kwanon da na ajiye mata da rana shi nake ɗaukewa da yamma, sai dai ƙuda babu a ƙasar da zai taɓa shi. A rana ta uku ma'aikaciyar lafiya da ke zagayen duba masu jego ta zo, ta auna jaririyar ta yaba, sannan ta daɗe tana kallon uwar. Ta tambaye ta wa ke taimaka mata a gida. Matata ta nuna ni da haɓa. Matar ta dube ni, ta yi rubutu mai ɗan tsawo a takardarta, ta ce in abin ya ci gaba a je a ga likita, kada a jira. Nan na fara jin tsoro na gaske.

Tana fita matata ta ce in zauna.

"Me ka yi wa Gwaggo?"

Na ce ban yi mata komai ba, ai Alhaji ne ba shi da lafiya.

"Na kira shi. Yana gym, wurin motsa jiki. Gwaggo ba ta cewa arba'in ta yi goma sha biyu. Me ka yi?"

Na faɗa mata. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke ƙanƙancewa a bakina, domin a cikin kaina ta fi haka girma da tsari. Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi mini bayani kamar yadda take yi wa 'yan aji uku. Ta ce a gidan da Gwaggo ta tashi ba a cewa baƙo ya tafi. In ya daɗe, sai nama ya ragu a miya, ruwan wankansa ya zo da sanyi, fitilar ɗakinsa ta rasa kananzir, shi kuma in ɗan mutunci ne ya gane, ya yi godiya, ya ƙirƙiro uzuri don kada mai gida ya ji kunya. Gwaggo ta shekara ashirin tana murɗa boila, ta san ba ta komawa baya da kanta. Ta ga an rage kwana uku a jere, a ɓoye, kuma namiji ɗaya ne a gidan. Ni ma na san wannan al'adar, a cikinta na girma, na ga an yi wa wani kawuna ita har sau biyu. Ban taɓa kawowa ni ma ita nake yi ba.

Na fara cewa zan mayar da maɓallin, zan tara mata bokiti biyu, uku ma. Ta girgiza kai.

"Ni ba ruwan nake so ba. Lokacin da aka haife ni Gwaggo tana budurwa a gidanmu, ita ta dafa wa Mama ruwan jegona. In ta rufe ƙofar nan tana gasa mini jiki, labarin Mama take ba ni. Abin da ta ci, abin da ta ce, yadda take riƙe ni. Ba ta iya faɗa in muna kallon juna a falo, sai tana bayana hannunta na aiki. Ruwa na hucewa take tsayawa, ta ce saura sai an jima. Ba wanda ya rage da ya san waɗannan abubuwan sai ita." Ta gyara wa jaririyar hula. "Mun zo daidai ranar sunana ka kore ta."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ban ji tun daga nan ba. Na kira Gwaggo a waya, ta amsa da fara'a, ta tambayi jaririya, ta tambayi karatu, ta sa mini albarka, ta ajiye kafin in kai ga magana. Na gane wannan ba aikin waya ba ne. Washegari da safe matar wani abokin karatuna ta zo daga unguwar Cheetham Hill ta zauna da mai jego, ni kuma na hau doguwar mota zuwa Birmingham. Duk hanya ina tsara jawabi. Na tsara shi da gabatarwa da hujjoji uku, muna shiga gari na ga ba ɗaya da zai yi.

Alhaji ne ya buɗe mini ƙofa, da ƙoshin lafiyarsa, yana cin gyaɗa. Na zauna a ƙasa a kan kafet duk da ya nuna mini kujera. Gwaggo ta fito ta zauna can gefe, ta amsa gaisuwata, ta ɗauki carbi. Tunda ba zan iya fuskantar ta ba, Alhaji na yi wa bayani, tun daga Bajamushe har maɓallin. Na rantse ban taɓa gajiya da ita ba. Ya saurara yana gyaɗa kai, domin aikin ruwa ya yi duk rayuwarsa, kuma ashe ya san rubuce-rubucen mutumin.

"Na karanta shi tun kafin ka san hanyar jami'a," ya ce. "He's right, gaskiya yake faɗa. Amma kai, kafin ka rage, ka tambaya aikin me ruwan yake yi?"

Wannan ita ce tambayar da na kwashe babi guda ina cewa masu masana'antun fata su riƙa yi wa kansu. Na sunkuyar da kai.

Gwaggo kuwa bayanin bai shige ta ba. Da na ce rowa ce, da ta gane, ta ga marowata. Da na ce gajiya na yi da kwanan falo, shi ma da ta gane. Ta dubi mijinta.

"Alhaji, tambaye shi. Wato ba korata ya yi ba, duniya yake ceto?"

Alhaji ya tambaye ni. Na ce ƙwarai, kusan haka ne.

"Da bokitina biyu."

Na ce e.

Ta ja carbi ya kai goma. Sannan ta ce Alhaji ya gaya mini ta ji, ta kuma yafe, Allah ya ba duniya lafiya, amma ita ba a nuna mata hanya sau biyu. Za ta aiko da yaji da gero, ga kuma lambar wata mata a Manchester da ke yin wankan jego in an biya ta. Ta fara miƙewa.

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ɗago kai na dube ta, na yi mata magana ba ta hannun Alhaji ba, ba ta hannun jaririya ba.

"Gwaggo, yau kwana huɗu ba ta ci abincin kirki ba, ba ta yi wanka ba. Ta ce kun tsaya a ranar sunanta."

Ta tsaya a yadda take, hannu ɗaya a kan kujera. Alhaji ya daina tauna. Ta wuce kicin, muka jiyo ana buɗe kabad ana rufewa, ana ture kwanuka, sai ga ta ta fito tana jan wata ƙatuwar tukunya, irin wadda ake dafa shinkafar sallah ta gida goma. Ta dire ta a gabana.

Sharuɗɗan ta bakin Alhaji suka zo, don ta koma ba ta kallona. Ba za ta ƙara taɓa famfon zafin gidana ba, in bar boilata yadda Bajamushe ke so. Ruwan wanka a wannan tukunyar za a dafa shi a kan murhu, safe da yamma, kuma ni zan dafa, ni zan kai bakin banɗaki. Kwana huɗun da aka sha za a rama su a ƙarshe, kamar azumi. Na san dafa ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya a kan murhu ya fi boila cin gas nesa ba kusa ba, zan iya zana hoton asarar a takarda. Alhaji ma ya sani, na ga ya dube ni yana jira. Na ce na gode, Allah ya ƙara girma.

A motarsa muka dawo, ni a baya rungume da tukunya don ta ƙi shiga but ɗin motar saboda wata jakar gero. Mun isa Fallowfield bayan la'asar. Matata na zaune inda na bar ta, a gaban taga. Da ta ga wadda ta shigo ba ta tashi ba, ta dai rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Gwaggo ba ta rarrashe ta ba. Ta karɓi jaririyar ta jujjuya ta, ta gaya mata cewa ta ga an bar uwarta ta yi baƙi kamar gindin tukunya, kuma tana fata a gidan nan akwai mai ɗora ruwa.

Tukunyar ta cinye kan murhu biyu, ta kuma ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta tafasa. Na juye a bokiti na kai, na dawo na sake kaiwa. Da na zo sauke ta na rasa inda zan ɗora, teburin kicin na mai gida ne kuma ba ya son zafi, sai hannuna ya kai kan abin da ya fi kusa kuma ya fi kauri. Har yau littafin Bajamushen yana nan a kantata da zagayayyen tabo a bangonsa, da shi na kammala digirin, kuma ban daina koyar da abin da ke cikinsa ba.

Gwaggo ta naɗe hannun riga, ta sirka, ta tsoma gwiwar hannu.

"A ƙaro," ta gaya wa bokitin.

Na ƙaro. Ta kamo hannun matata suka shiga, aka rufe ƙofa. Na ɗauki jaririyar na tsaya a ɗan lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, tururi na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar yana jiƙa mini safa. Na ji ƙarar ganye a cikin ruwa, na ji an ja kujerar tsuguno. Sai muryar Gwaggo, ƙasa-ƙasa.

"Ina muka tsaya?"

Sai na ji matata, muryarta a dishe.

"Ranar sunana. Kin ce Mama ta ɓoye ƙafar rago a ƙarƙashin gado."

"Yawwa. To ai ba ita kaɗai ta ɓoye ba, bari ki ji."

Na koma kicin da yarinyar a kafaɗa, na cika tukunyar har baki, na sake ɗorawa.